Takunkumin Tace Iska: Yadda Ake Ɗinka Shi a Gida, da Iyakar Amfaninsa

Da zarar an gama aikin kaka, iskar arewa maso gabas ta juyo, sai sararin sama ya yi fari fat da hazo. Daga watan Nuwamba zuwa Maris, mai kasa kaya a Jibiya ko Ɗan Isa, da mai dako a Illela ko Birnin Ƙonni, da mai tuyar ƙosai a Maigatari ko Kusiri, duk iska ɗaya suke shaƙa. Ƙura ba ta tsayawa a shingen kan iyaka. Wannan darasi zai nuna yadda iyali za su ɗinka wa kansu takunkumin da ke rage ƙurar da ke shiga ƙirji, da kayan da ake samu a kowace kasuwa. Zai kuma bayyana wuraren da takunkumi ba ya da wani amfani, domin wanda ya dogara da shi a inda bai dace ba ya fi wanda bai sa komai ba shiga haɗari.

Daga ina ƙurar take zuwa?

Mafi yawan hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Wurin gindin wani babban tafki ne da ya ƙafe tun shekaru dubbai, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Daga nan sai ta baza shi a kan Chadi, Nijar, Najeriya da Kamaru, wani ma har ya haye Tekun Atalantika.

A kan wannan kuma sai mu ƙara namu: hayaƙin itace da kara da gawayi, hayaƙin janareta da babura da manyan motoci, ƙona bola da leda da tayoyi, da ƙurar da ke tashi wajen sussuka, shiƙa, niƙa da sauke siminti.

Me ƙura ke yi wa jiki?

Babban mutum yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kowace rana, wato kwatankwacin cikin jarka 400 masu cin lita 25. Duk abin da ke yawo a cikin wannan iska, jiki ne zai ji da shi.

Ƙura iri biyu ce. Akwai mai kauri, wadda ido ke gani tana sauka a kan tire da gashin ido. Yawancinta gashin hanci da majina ke kamawa, sai a fyace ko a yi tari ta fita. Akwai kuma mai laushi ƙwarai, wadda masana ke kira PM2.5, domin girman ƙwayarta bai wuce maikiromita 2.5 ba. Sai an jera irinta 20 zuwa 30 kafin su kai kaurin silin gashi guda. Wannan ita ce ke wucewa har can ƙasan huhu, wata ma ta shiga jini. Hayaƙi kusan duk irin wannan ne.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyaka: kada irin wannan ƙura ta wuce maikirogiram 15 a cikin kowace kubik mita ɗaya ta iska, idan aka auna yini da kwana. A ranar hazo mai kauri, garuruwanmu kan ninka wannan adadi sau da yawa. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida kaɗai ya jawo mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya a 2020. Abin da ke biyo bayan shaƙar gurɓatacciyar iska shekara da shekaru shi ne tari marar ƙarewa, tashin asma, ciwon huhu ga yara, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya.

Waɗanda suka fi bukatar kiyayewa su ne tsofaffi, masu juna biyu, masu asma, masu ciwon zuciya, waɗanda suka taɓa yin tarin fuka, da duk wanda sana'arsa ke zaunar da shi cikin ƙura daga safe zuwa yamma.

Ƙa'ida guda da ke riƙe da darasin nan

Kakanninmu sun san amfanin rufe hanci. Amawalin da matafiya da fatake ke ja a kan baki da hanci ba don ado kaɗai ake yin sa ba. Abin da ilimin zamani ya ƙara mana shi ne fahimtar yadda iska ke tafiya.

Iska kamar ruwa take, inda ta ga sauƙi nan take bi. Idan akwai ɓaraka a gefen hanci ko a kumatu, ta nan mafi yawan numfashi zai shiga, ya bar yadin da aka ɗinka domin tacewa. Saboda haka ingancin takunkumi yana kan abu uku: yawan rufinsa da irin yadinsa, yadda bakinsa ya kama fuska, da sauƙin numfashi a cikinsa. In ɗaya ya ɓaci, sauran biyun sun tashi a banza. Yadin da ya yi kauri har numfashi ba ya ratsa shi, tilasta wa iska yake yi ta bi ta gefe, ko kuma mai shi ya gaji ya saukar da shi haɓa.

Kayan da ake bukata

A watan Yuni na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi takunkumin yadi da rufi uku. An yi shawarar ne a lokacin annobar korona, amma tsarin yana aiki ga ƙura ma.

Rufin ciki, mai taɓa fuska: yadin auduga mai laushi da ke shan gumi, kamar tsohuwar singileti ko farar riga da aka wanke tas. Fari ya fi, domin a gane idan ya yi datti.

Rufin tsakiya, wanda shi ne matacin: yadin roba marar saƙa da ake kira folifurofilin. Shi ne irin wanda ake yin wasu jakunkunan cefane marasa nauyi da shi, mai ɗige-ɗige a jiki kamar an danna shi da ƙarfe. A zaɓi wanda ba a shafe shi da leda ko fenti ba. A kara shi a baki a ja numfashi. In iska ba ta ratsa shi, a ajiye. Idan ba a samu ba, sai a sa ƙarin rufin auduga mai matsattsiyar saƙa.

Rufin waje: yadin foliyesta, ko wanda aka gauraya foliyesta da auduga, mai matsattsiyar saƙa. A ɗaga shi a rana. In ana hango ramukan saƙar a fili, bai yi ba. Leshi, gidan sauro da mayafi shara-shara ba su da amfani a nan. Sabuwar shadda ko atamfa mai sitaci sai an wanke ta tukuna.

Sauran kaya: zare, allura ko keken ɗinki, almakashi, tef na awo, igiyoyi huɗu na yadi, da siririyar waya mai lanƙwasuwa, irin mai rigar roba da ake ɗaure buhu ko burodi da ita.

Yadda ake ɗinki

Telolin Najeriya sun saba da inci, na Nijar, Kamaru da Chadi kuwa da santimita. Mun kawo duka biyun.

1. A yanka yadin ciki da na waje, kowanne faɗin santimita 23, tsawo santimita 20, wato inci 9 da inci 8. Na tsakiya a rage masa santimita 2 a kowane awo, domin ya shiga tsakaninsu.

2. A haɗa na ciki da na waje fuska da fuska, a ɗinke sama. A ƙasa a ɗinke gefe da gefe, a bar ƙofa mai faɗin yatsu huɗu a tsakiya. Wannan ƙofa ita ce aljihun da za a riƙa zura mataci a ciki ana cirewa.

3. A juya shi waje, a goge da dutsen guga. A yi gugar kafin a sa rufin tsakiya, domin zafin guga yana narkar da shi.

4. A saman, a yi wani layin ɗinki santimita 1 ƙasa da baki, ya zama ɗan kwararo. A yanko waya santimita 12, wato kusan inci 5, a lanƙwashe bakinta biyu don kada ta soki fata, a zura ta cikin kwararon, a ɗinke gefenta don kada ta zame.

5. A yi ninki uku a kwance, dukkansu suna kallon ƙasa ta waje, domin kada ƙura ta taru a cikinsu. Bayan ninkin, tsawon gefen ya koma kimanin santimita 9. A ɗinke gefunan biyu.

6. A ɗinka igiya a kowace kusurwa, tsawon santimita 45, wato inci 18. Igiyar da ake ɗaurewa a ƙeya ta fi robar kunne matse fuska, ba ta kuma cin bayan kunne ga wanda zai yini da ita. Ta fi sauƙi ga mata masu hijabi ko ɗankwali.

7. A zura mataci cikin aljihu, a baje shi ya kai kowace kusurwa.

Kada a yi ɗinki a tsaye a tsakiyar takunkumin, daidai hanci da baki. Hukumar ƙa'idojin kayayyaki ta Faransa, AFNOR, ta yi gargaɗi a kan haka a 2020, domin ramukan allura a wannan wuri hanya ce ga iskar da ba a tace ba.

Kowane mutum ya mallaki aƙalla biyu, ɗaya a fuska, ɗaya a igiyar shanya. Ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta mata masu adashi za su iya sayen yadin gaba ɗaya su ba tela guda, kuɗin ya yi sauƙi a kan kowa.

Gwaji kafin a fita da shi

A ɗaura shi ya rufe daga karan hanci zuwa ƙarƙashin haɓa. A danna wayar da yatsun hannu biyu ta bi siffar hanci. Sannan a yi gwaji uku.

Na farko, a ɗora tafin hannu a gefen fuska a fesar da numfashi da ƙarfi. In an ji iska tana fita ta kumatu ko tana hura ido, a ƙara ɗaurewa, a gyara wayar. Mai tabarau zai ga gilashinsa ya yi raɓa idan saman bai kama ba.

Na biyu, a ja numfashi da sauri. Takunkumin da ya zauna daidai zai ɗan lotsa ya matso baki.

Na uku, a yi tafiya da sauri na minti biyar. In numfashi ya yi nauyi ko kai ya fara juyawa, yadin ya yi kauri, a canja shi.

Gemu yana hana bakin takunkumi kama fata. Mai gemu ya sa a ƙara masa tsawo, ya matsa igiyar ƙasa sosai, ya kuma ja amawali ko gyale a kai. Duk da haka kariyarsa ba za ta kai ta marar gemu ba, don haka ya ƙara nisantar tushen ƙurar.

Wanki da ajiya

Takunkumin da ya jiƙe da gumi ko numfashi yana toshewa, sai a cire a sa busasshe. Kada a jiƙa shi da gangan da sunan zai fi kama ƙura. Kada a wuce awa huɗu da guda ɗaya a fuska.

Kowace yamma a cire matacin, a wanke yadin da sabulu da ruwan zafi. In ruwan sanyi aka yi amfani da shi, a tafasa yadin na minti ɗaya bayan wanki. Mataci kuwa a wanke shi a hankali ba tare da cuɗawa ba, a sauya shi da zarar ya fara sulɓi ko yagewa. A shanya a rana, a adana a tsabtatacciyar leda. Ba a aron takunkumi, ko tsakanin miji da mata, ko wa da ƙane.

Abin da takunkumin yadi ba zai iya ba

A nan ne ake son mai karatu ya fi natsuwa.

Takunkumin yadi mai rufi uku yana tare mafi yawan ƙura mai kauri, amma wani kashi ne kawai na mai laushi yake kamawa. Wanda aka ƙera a masana'anta mai lambar N95 yana tace kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi a gwaji, mai lambar FFP2 kuwa kashi 94. Na farko shi ne awon Amurka, na biyu na Turai, kuma ana samun su a wasu kantunan magani. Wanda yake da asma ko ciwon zuciya, in yana da hali, ya nemi ɗaya daga cikinsu domin ranakun hazo mai tsanani. Sa takunkumin asibiti a ciki, a ɗora na yadi a kai ya matse shi, ya fi kowannensu shi kaɗai.

Babu takunkumin yadi, ko N95 ɗin ma, da ke tare iskar guba. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. A daren sanyi mutane kan shigar da kaskon wuta ɗaki su rufe ƙofa da taga, su yi barcin da ba a tashi. Maganin wannan ɗaya ne: kasko da janareta su kwana a waje, nesa da taga. In mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai, jiri da amai a tare, a fitar da su sarari nan take, a garzaya da su asibiti.

Haka nan tururin fetur, fenti, fiya-fiya da maganin feshin gona, duk suna ratsa yadi. Yadin da maganin feshi ya jiƙa ma riƙe gubar yake yi a bakin mai shi.

Masu fasa dutse da masu niƙa ƙasar zinariya suna shaƙar ƙurar da ke sandarar da huhu, ciwon da ba ya warkewa. A 2010 gubar dalma daga niƙan ƙasar zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara. Irin wannan aiki yana bukatar jiƙa dutsen da ruwa, da takunkumin masana'anta, da nisantar da aikin daga gida da yara gaba ɗaya.

Lokacin hazo da zafin da ke biye da shi ne lokacin sanƙarau a yankinmu. Busasshiyar iska mai ƙura tana raunana cikin hanci da maƙogwaro, ta sauƙaƙa wa cutar shiga. Takunkumi ba ya maye gurbin allurar rigakafi. Duk lokacin da masu rigakafi suka zo, a ko wane ɓangaren iyaka kuke, ku kai yaranku.

Na'urori masu batir da dabarun da za a guje wa

A wasu kasuwanni ana sayar da wata ƙaramar na'ura da ake ratayawa a wuya, a ce tana tsabtace iskar da ke kewaye da fuska. A fili, inda iska ke kaɗawa, ɗan abin da take fitarwa ba ya iya kare hancin mutum, wasu irinta ma suna fitar da iskar ozon mai fusata huhu. Kuɗinta ya isa a ɗinka wa mutum da yawa takunkumi.

Wasu matasa masu basira kan yi ƙoƙarin haɗa ƙaramar fanka da batir da mataci, ta riƙa tura iska cikin rufaffen abin fuska. Na'ura irin wannan tana nan, ma'aikatan asibiti da masana'antu suna amfani da ita, amma tasu an auna ƙarfin fankarta. Fankar kwamfuta ba ta da ƙarfin tura isasshiyar iska ta cikin mataci mai kyau. In batir ya mutu kuma abin fuskar rufaffe ne, mutum zai riƙa maimaita shaƙar numfashin da ya fitar. Batirin waya da aka farke yana iya yin zafi ya kama wuta a kusa da fuska. Kada a gwada irin wannan a kan yaro ko marar lafiya.

Kada a daka gawayin girki a zuba cikin aljihun takunkumi. Ba shi ne gawayin da masana'antu ke sarrafawa domin tacewa ba, garinsa ma wata ƙurar ce. Kada a yanko matacin mota ko na na'urar sanyaya ɗaki, domin wasunsu na ɗauke da zaren gilashi. Leda da soso ba sa shiga takunkumi.

Yara

Ba a sa wa yaron da bai kai shekara 2 ba takunkumi ko kaɗan, domin yana iya toshe masa numfashi. Ƴan ƙasa da shekara 5 ma an fi so a kare su ta hanyar nisantar da su daga ƙura da hayaƙi. Uwa mai tuya ko girki kada ta goya jariri tana tsaye a kan murhu. Ta ajiye shi a ɓangaren da iska ke fitowa, hayaƙi ya wuce can gaba. Ba a barci da takunkumi, ba a kuma sa shi ga wanda ba zai iya cire shi da kansa ba.

Rage ƙurar tun daga tushe

Rigakafi ya fi magani. A yayyafa ruwa kafin shara, a gida da gaban rumfa. A yi girki a waje ko a madafi mai taga biyu, da busasshen itace. A daina kunna wuta da leda ko roba. Shugabannin kasuwa su ware wa janareta da injin niƙa wuri a gefen da iska ke fita daga kasuwa, su kuma hana ƙona bola a lokacin da kasuwa ke ci. A rufe abincin sayarwa. A ranar da hazo ya hana ganin nesa, tsofaffi da masu asma su rage fita.

Yaushe za a tafi asibiti?

A kai yaro ba tare da jinkiri ba idan numfashinsa ya yi sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya ƙi shan nono. Babba ya je idan tari ya kai mako biyu, ko akwai jini a kaki, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi na shiɗewa har magana ta gagara. Zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya alamar sanƙarau ce, ba a kwana da ita a gida. A je asibitin da ya fi kusa, ko da a ƙetaren iyaka yake.

Tambayoyin bita domin a tattauna a gida ko a rumfa

1. Waɗanne yadi uku ake haɗawa, kuma mene ne aikin kowanne?
2. Ta yaya za ka gane iska na fita ta gefen takunkuminka?
3. Me ya sa takunkumi ba zai ceci wanda ya kwana da kaskon gawayi a ɗaki ba?
4. Wa da wa ba a sa wa takunkumi?

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa, ya kuma kai ta wurin tela kafin hazo ya sauka. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.